Shago a Jikin Katanga: Haƙƙin Maƙwabci da Sauya Amfanin Fili a Gwandu da Kalgo

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 Birnin Kebbi ke ta faɗaɗa, kuma Kalgo na cikin garuruwan da faɗaɗar ta fara riska. Ga babban asibitin da aka gina a Kalgo, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Duk inda ɗalibai da ma'aikata da masu jinya suka taru, kuɗin haya sai ya tashi. Mai gida a bakin titi ya fasa katanga ya fitar da shaguna, zaure ya koma wurin cajin waya, kangon da ke gefe mai walda ya kama shi.

A ƙa'ida ba a yin haka da ka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallakarsu. Dokar tsara birane ta 1992 ta ɗauki sauya amfanin fili a matsayin aikin da sai da izini, kuma a jihar akwai hukumar raya birane, KUDA. Sai dai a aikace izinin kan zama magana tsakanin mai fili da ofis: a cika takarda, a biya kuɗi, a buga hatimi. Wanda janareta zai kwana yana ruri a bayan ɗakinsa ba ya cikin lissafi, ƙarar injin ce ma kan kai masa labari.

Wasu masana tsara birane na ganin maganin shi ne a raba unguwar zama da ta kasuwanci dungurungum, irin tsarin da kotun ƙolin Amurka ta halatta a 1926. Ban yarda da wannan ba. Garin Bahaushe bai taɓa zama haka ba. Maɗinki da dukawa a zaure suke aiki, matan aure kuma daga cikin gida suke sayar da ƙuli-ƙuli da fura, yara na kai talla. Duk dokar da ta ce gida na kwana ne kawai, abincin talaka za ta fara taɓawa, kuma ba wanda zai bi ta.

Ma'aunin da ya fi dacewa yana nan Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi mulki ya kuma yi rubutu, har da littafinsa Ta'alimur Radi kan hukuncin mallakar ƙasa. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan daularsa suka yi aiki da shi bai tsaya tambayar ko wannan wurin zama ne ko na ciniki ba. Tambayarsa ita ce wa aka cutar, kuma wa ya riga wani zuwa. Muhtasar na Halil, wanda har yau ake karantawa a zauruka, ya hana mutum ya ƙago wa maƙwabcinsa hayaƙi, ko wari irin na majema, ko abin da zai raunana masa bango, ko ya buɗe shago daura da ƙofarsa. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Shago ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, to mene ne cutarwarsa? Benci ne. Inda aka buɗe shago za a ajiye benci, matasa su zauna daga hantsi har bayan isha'i, duk wadda za ta fita daga gidan da ke kallonsu sai ta ratsa idanu. Malaman da suka rubuta hukuncin sun lura da abin da taswirar ofis ba ta nunawa. Haka benen da aka gina wa ɗalibai, tagoginsa na leƙa tsakar gidan da mata ke girki: a takarda shi ma gidan zama ne, ba ya buƙatar izinin sauya komai, alhali ya fi shagon tireda cutarwa.

Wannan ma'auni yana da giɓinsa. Yawanci sai cutar ta auku ake kai ƙara, kuma wanda ya daɗe yana kawaici na iya rasa haƙƙinsa, a ƙasar da kai maƙwabci gaban alƙali abin kunya ne. Gidan mai da wurin ɗura gas ɗin girki kuwa ba a jira su yi ɓarna. Su kam tazara ya kamata a ƙayyade musu da awo, kuma kada a sassauta ta don girman mai nema.

A sauran sana'o'in, abin da ya kamata hukumar raya birane da ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo su yi ba shi da tsada. Kafin a sa hannu kan izini, a aika wa gidajen da suka haɗa katanga da filin ta hannun mai unguwa, a ba su wa'adi su faɗi ta bakinsu. Izinin ya fito da sharaɗi a rubuce: lokacin kashe injin niƙa, inda ƙofar shago za ta kalla, tsawon taga, inda ruwan kwata zai bi. Wanda ya saɓa sharaɗin a janye masa izinin.