Farantin da Ya Riƙe Gidajen Kano

Kasuwa biyu ce a birnin Kano. Akwai ta fili, irin Kurmi da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, akwai kuma ta cikin gida, wadda ba ta da sarkin kasuwa. Ni a ta biyun na girma. Kakata tana matsar man gyaɗa ta soya ƙuliƙuli, mahaifiyata tana ƙosai da koko, ni ma sai da na ɗauki faranti kafin na soma tawa sana'ar.

Tushen talla a wurinmu kulle ne. Matar aure ba ta fita, amma hannunta bai daina juya kuɗi ba. Yara su ne ƙafarta: su auno mata wake, su kai markaɗe, su ɗauki abin da ta soya su bi gida-gida, har inda babban namiji ba ya wuce zaure. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, gari ya cika da leburori da 'yan cirani marasa mai girka musu. Su ne suka zama manyan masu sayen tuwo da ɗanwake da fura.

Wanda bai zauna a irin gidajenmu ba bai san yadda lissafin yake da tsauri ba. Kafin yarinya ta fita, uwa za ta ƙirga ƙosai ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora na gyara. In ta dawo, a zazzage ciniki a kan tabarma, a ware uwar kuɗi, a ware zubin adashi, sannan riba. Idan na maƙwabciya ta ɗauka, tana da la'adarta, ta jefa a asusu. Daga nan kwalla da langa da tasoshi ke fitowa, kayan ɗakin da za a jera mata ranar aure. Daga nan kuma ake sayen sabulu da magani da gudummawar biki, a cike miya in cefanen maigida ya gaza.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya raba ranar yarinya biyu: tallan koko da asuba, makaranta da hantsi, tallan gyaɗa da la'asar. Amma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 shi ya fi sauya sana'ar. Albashi ya daina kai wata, ribar da a da ake tarawa don aure ta koma abincin yau. Talla ya bar lungu ya fito titi da tasha, samari suka shiga tsakanin motoci, daga baya ruwan leda ya zo. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, mun ga ƙosai na kwantai don mai saye ba shi da tsaba, dole muka koyi karɓar kuɗi ta waya.

Nauyin wannan tarihi a kan 'ya'ya mata ya faɗa. Na san waɗanda suka sha duka saboda canji ya ɓace, da waɗanda ɓata-gari suka yaudara a tasha, da masu ƙwaƙwalwar da karatu ya wuce su. Gwamnatoci sun sha hana tallan 'yan mata, farantin kuma yana dawowa, domin doka ba ta ɗora tukunya.

Yau ina sayar da abincina daga gida. Masu saye su kira ni ko su turo saƙo ta WhatsApp, mai adaidaita sahu ya kai musu, 'ya'yana suna aji. Abin da ya ba ni wannan dama jari ne da wayar hannu. Duk mai son ya sauke faranti daga kan yarinya, ya fara da ba uwarta jari da hanyar kai kayanta ga mai saye.