Gubar Sinadaran Gida a Dakoro: Nazari kan Mazubi, Ajiya da Taimakon Farko

Sinadaran da ke jawo guba a gidajen gundumar Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, sanannu ne: kananzir, fetur ɗin 'yan ruwa-ruwa, ruwan jabel, sodar haɗa sabulu, fiya-fiya, shinkafar ɓera, da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake. Abin da ya haɗa su shi ne yadda ake sayensu. Ana tsiyaya su kaɗan-kaɗan cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo, ko a ƙulle su a leda, babu suna, babu gargaɗi. Yaron da bai kai shekara 5 ba, ga ƙishin bazara, gorar ya sani, bai san abin da ke ciki ba.

Kowane sinadari da irin ɓarnarsa, kuma a nan ne taimakon gida yakan ƙara ta'azzara lamarin. Haɗarin kananzir da fetur yana ga huhu: idan aka tilasta wa yaro amai, ko aka ɗura masa nono ko manja, man yakan bi hanyar numfashi ya haddasa ciwon huhu. Soda tana ƙona maƙoshi da shigarta, amai kuma ya sake ƙona shi. Bayan makonni tabon yakan tsuke hanyar abinci har haɗiya ta gagara. Fiya-fiya, wanda galibinsa sinadarin dikilobos ne, yana shiga har ta fata. Alamunsa dalalar miyau, zufa, tsukewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, maganinsa kuwa allurar atirofin ce, wadda sai a asibiti. Tunda asibitin Maraɗi yana da nisan kimanin kilomita 120 daga garin Dakoro, ya kamata a ce kowace cibiyar lafiya ta karkara tana da wannan allura a ajiye.

Ƙwayar buhun wake kuwa iska mai guba take fitarwa da zarar ta ji laima, don haka ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana ganganci ne. Akwai mafita: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar binciken noma ta INRAN suka fara yaɗawa a Nijar daga 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba.

Ta fuskar doka, kwamitin CSP na ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ne ke tantance magungunan ƙwari, amma da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa ta iyaka ba su bi ta hannunsa ba. A Najeriya, hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper, wani maganin ƙwari mai dikilobos, a kasuwanni a 2019.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, saboda haka a garzaya asibiti da yaron da ya sha guba, tare da mazubin abin da ya sha. Rigakafin da ya fi araha kuwa yana hannun mai saye da mai sayarwa: kada a zuba sinadari a mazubin abin sha, a rubuta sunansa da boko ko ajami, a ajiye shi a akwati mai kwaɗo.