Da Romo Aka Fara Gidan Abinci a Faransa

Yau birnin Paris za mu leƙa.

Da an ce abincin Faransa, sai mutum ya hango tsada da ƙyale-ƙyale. To, wallahi da romo aka fara. Kalmar "restaurant" ɗin nan asalinta sunan romon nama ne da ake sha don ƙarfin jiki ya dawo. A shekarun 1760 aka soma buɗe shagunan sayar da shi a Paris, a hankali sunan ya koma kan shagon.

Masu hali ne suka fara morewa. Talaka kuwa sai wajen 1855, lokacin da wani mahauci, Pierre-Louis Duval, ya riƙa dafa nama mai araha da romonsa yana sayar wa leburorin kasuwar Les Halles. Ciniki ya kankama, ya yi ta buɗe rassa.

Irin wannan gida, Bouillon Chartier, da aka buɗe a 1896, yana nan har yau. Ana iya zaunar da kai teburi ɗaya da wanda ba ka taɓa gani ba. Lissafin kuɗinka ma, a kan takardar da aka shimfiɗa a teburin mai kawo abincin zai rubuta maka.