Tarihin Jakar Magani Mai Rariya

Matsalar da ta daɗe tana damun masana harhaɗa magunguna ita ce yadda za a kai magani wurin ciwo ba tare da jiki ya lalata shi a hanya ba, ko shi ya yi wa lafiyayyun gaɓoɓi illa. Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce a ƙunshe shi cikin 'yar mitsitsiyar jaka. To, amma jakar da ta rufe ruf ba ta da amfani, haka nan wadda take yoyo. Saboda haka tarihin wannan fanni, tarihi ne na neman bango mai kama da rariya, wanda zai tare manyan abubuwa ya bar ƙanana su wuce.

Wanda ya share fage shi ne Thomas Chang na Jami'ar McGill a Kanada. A 1957, yana ɗalibi, ya fara ƙunshe sinadarin jan jini cikin siririn tantani na roba. A 1964 ya nuna cewa idan aka sa sinadarin enzayim a ciki, ba ya fita, garkuwar jiki ba ta taɓa shi, amma ƙananan abubuwa suna shiga ya sarrafa su. Da irin wannan tantani aka lulluɓe gawayi a shekarun 1970, aka tace jinin waɗanda suka sha guba.

A Ingila kuwa, Alec Bangham ya bayyana a 1965 cewa wani nau'in kitse yakan dunƙule da kansa cikin ruwa ya zama jaka. Daga nan aka samo Doxil, maganin kansa da Amurka ta amince da shi a 1995. Sai dai bangon kitse ba shi da ƙwari.

A 1999 Dennis Discher da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka haɗa irin wannan jaka da folima, wato sinadari mai dogon zare. Ta fi ta kitse tauri kamar sau 10, amma ko ruwa da kyar yake ratsa ta. Wato an sami ƙarfi, an rasa ƙofa. A 2000 Wolfgang Meier na Jami'ar Basel a Suwizalan ya dasa wa bangon ƙofofi na furotin da aka ciro daga ƙwayar bakteriya.

Har yau yawancin jakunkunan folima suna matakin gwaji a ɗakin bincike da jikin dabbobi. Abin da masana ke nema shi ne ƙofar da za ta buɗe da kanta idan ta isa wurin ciwo, alal misali cikin tsamin da ke kewaye da ƙarin kansa, ta kuma kasance a kulle a sauran jiki.