Farauta ce Makarantar Oktofus: Nazari kan Tushen Basirar Dabbar Teku Mai Hannuwa Takwas

Tsakure

Oktofus dabbar teku ce mai hannuwa takwas. Ba shi da ƙashi a jikinsa, kuma dangin dodon koɗi ne, amma yana koyo, yana tuna hanya, yana sauya dabara idan ta farko ta ƙi ci. Wannan maƙala ta auna abin da aka rubuta a kan farautarsa, ta nuna cewa basirarsa daga neman abinci da gujewa zama abincin wani ta samo asali, kuma ko hulɗar da yake yi da kifaye a Bahar Maliya reshe ce ta wannan farauta.

Gabatarwa

Akwai nau'o'in oktofus kusan 300 a tekunan duniya. Wanda aka fi nazari, Octopus vulgaris, yana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a cikin hannuwa suke. Kakan da ya haɗa shi da dabbobi masu ƙashin baya ya rayu fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, don haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu ne ta wata hanya daban da tasu. Yawancin nau'o'insa shekara ɗaya zuwa biyu suke yi a duniya. Uwa tana gadin ƙwanta ba ci ba fita, kuma tana mutuwa daidai lokacin da ƙwan ke ƙyanƙyashewa. Ɗan oktofus bai san uwa ba, bai san uba ba, babu wanda ya nuna masa yadda ake kama kaguwa. Tambayar da ta taso ita ce: me ya sa dabba mai gajeren rai, mai zaman kaɗaici, ta mallaki irin wannan ƙwaƙwalwa mai tsadar ciyarwa?

Bitar ayyukan da suka gabata

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, J. Z. Young da Brian Boycott sun yi aiki a cibiyar nazarin halittun ruwa ta birnin Naples a Italiya, inda suka nuna cewa oktofus yana koyon bambance siffofi ta hanyar lada da horo, suka kuma gano sashen ƙwaƙwalwar da ke da hannu a wannan koyo. Martin Wells ya ƙara da cewa yana koyo ta taɓawa ma. Wannan ba abin jayayya ba ne.

Jayayyar tana tare da ra'ayin da Nicholas Humphrey ya gabatar a 1976, wanda Robin Dunbar ya faɗaɗa daga baya. A ganinsu, abin da ya tilasta wa dabbobi babbar ƙwaƙwalwa shi ne zaman tare: sanin aboki da abokin gaba, tuna wanda ya yi alheri, da iya yaudarar ɗan'uwa. Ra'ayin ya zauna da kyau a kan birai, an kuma shimfiɗa shi a kan giwaye da hankaki. A kan oktofus kuwa ya rasa wurin zama, domin yawancin nau'o'insa ba sa zaman garke, wani lokaci ma babba yakan cinye ƙarami. Wasu sun nemi mafita a gwajin Graziano Fiorito da Pietro Scotto na 1992, inda oktofus da ya kalli wani yana zaɓar jan ƙwallo ko farin ƙwallo shi ma ya bi wannan zaɓi. Tun a lokacin masu suka sun nuna giɓi a tsarin gwajin, kuma ko da an karɓe shi yadda yake, bai amsa tambayar ba: a ina dabbar da ba ta zama da 'yan'uwanta za ta yi amfani da koyi da su har ya zama tushen ƙwaƙwalwarta? Bayanin da ya fi dacewa da shaidu shi ne na Piero Amodio da abokan aikinsa a 2019. Kakannin oktofus sun rabu da ƙoƙon da ke kare su, jiki ya zama nama tsantsa da kowane babban kifi ke nema, amma kuma ya samu damar shiga kowane rami ya ci abinci iri-iri. Daga nan rai ya koma kan dabara.

Hanyar bincike

An tattara rahotannin da aka wallafa kan farautar oktofus, na cikin tankin gwaji da na cikin teku, aka auna kowane da ma'auni uku: ko dabarar tana sauyawa da irin abin farauta, ko tana sauyawa idan aka toshe hanyar da aka saba, da kuma ko tana dogara da bayanin da aka samu daga waje ko aka tuna. Labaran masu kiwon kifi a gidajen kallo, duk da daɗinsu, ba a lissafa su ba.

Kayan aiki da dabarun farautar kaɗaici

Kowane hannu na ɗauke da 'yan ƙoƙuna masu kama abu da zuƙa, irin kamun ƙahon wanzami. Ba kamu kaɗai suke yi ba. A 2020 Lena van Giesen da Nicholas Bellono na Jami'ar Harvard sun gano cewa ƙoƙunan suna da ƙwayoyin da ke ɗanɗana abin da suka taɓa, shi ya sa oktofus ke zura hannu cikin ramin da ido bai gani ba ya bambance kaguwa da dutse. Tun 2001 ɗakin binciken Binyamin Hochner a Urushalima ya nuna cewa hannun da aka raba da ƙwaƙwalwa yana iya miƙewa daidai yadda ya saba. Wannan ya sa wasu suka ce hannuwan ne ke aikinsu, ƙwaƙwalwa 'yar kallo ce. Gwajin Tamar Gutnick na 2011 ya rage wa maganar ƙarfi, domin oktofus ya koyi bin hannunsa da ido ya shiryar da shi cikin bututu mai rassa har ya kai ga abinci.

A ma'auni na farko, binciken Jami'ar Minnesota na 2022 ya nuna Octopus bimaculoides yana afka wa kaguwa gaba ɗaya, amma jatan lande mai saurin zillewa a hankali yake lallaɓa masa hannu na biyu, sannan hannuwan da ke maƙwabtaka su ƙarasa. A ma'auni na biyu, Roland Anderson da Jennifer Mather sun ba babban oktofus na Tekun Pasifik kumba iri uku a 2007. Mai raunin tsoka ya ja ta da ƙarfi ya buɗe. Mai ƙarfin tsoka ya ɓantare gefenta da baki, ko ya huda ta ya zuba dafin da ke sassauta tsokar. Da aka ɗaure mai sauƙin buɗewa da waya, sai ya bar ja ya koma huda da ɓantara. A ma'auni na uku, Mather ta bi sawun Octopus vulgaris a tsibirin Bermuda, ta tarar yana komawa raminsa ta hanyar da ba ita ya fita ba, kuma ba ya yawan komawa inda ya riga ya yi kiwo.

Farautar haɗin gwiwa a Bahar Maliya

Shaida mafi ƙarfi ta fito daga Octopus cyanea, mai farautar rana a cikin duwatsun murjani. An daɗe ana ganin kifaye suna binsa, aka ɗauka 'yan cin arziki ne masu jiran abin da ya kuɓuce masa. Eduardo Sampaio da abokan aikinsa sun sake duba lamarin. A 2020 sun ba da rahoto daga Eilat da El Quseir, a gaɓar Bahar Maliya, cewa oktofus yana naushin kifayen da ke tare da shi: ya naɗe hannu ɗaya, ya sake shi da sauri a jikin kifin, kifin ya ja baya. A 2024 suka wallafa cikakken nazari bayan kimanin sa'o'i 120 na nitso, inda suka auna motsin kowane mahalarci a ƙungiyoyin farauta 13 daga hotunan bidiyo.

Abin da ya bayyana shi ne rabon aiki. Kifaye masu gemu, waɗanda ke binciken yashi da ramuka, su ne ke yin gaba su leƙa wurare, kuma inda suka tsaya nan ƙungiyar ke nufa. Oktofus shi ke yanke shawarar ko za a tashi da kuma lokacin tashi. Idan ya iso wurin, sai ya lulluɓe dutsen da fatar da ke tsakanin hannuwansa, ya zura hannuwa cikin ramuka. Abin da ya kama nasa ne, abin da ya fito da gudu na kifaye ne. Ba a raba ganima, amma kowa yana samun abin da ba zai samu shi kaɗai ba: kifi ba ya iya shiga ramin, oktofus kuma ya huta da lalube wuraren da babu komai.

Naushin ma ba a kan kowa yake sauka daidai ba. Wanda ya fi shan sa shi ne wani nau'in kifin gurufa mai baƙin tabo a ƙarshen ƙayar baya, mafaraucin kwanton ɓauna da ba ya bincike, sai dai ya raɓe kusa ya wafce. Naushi yana ƙaruwa idan ƙungiya ta tsaya cak kifaye sun kewaye oktofus, yana raguwa idan ana tafiya. Wato oktofus yana bambance kifi mai amfani da kifi mai cin banza, yana karanta motsin na farko a matsayin labari, yana korar na biyu.

Ana iya cewa wannan ya dawo da ra'ayin Humphrey ta bayan gida, tunda ga oktofus yana lissafin abokan hulɗa. Sai dai abokan nan ba 'yan'uwansa ba ne, ba ya kwana da su, ba ya gasar mace ko matsayi da su, kuma da an tashi daga farauta zumuncin ya ƙare. Ƙwarewar da yake nunawa a kansu ita ce wadda ya nuna a kan kumbar da aka ɗaure da waya: duba abin da ke gabansa, auna riba da wahala, sauya hanya. Kifin mai gemu ya zama masa wata kafa ta samun labarin inda abinci yake, ƙari a kan ido da ƙoƙunan hannu.

Iyakokin nazarin

Dole a ambaci cewa ƙungiyoyi 13 ba su da yawa, kuma nau'i ɗaya ne cikin kusan 300. Ba a auna kai tsaye yawan abin da oktofus ke ci a cikin ƙungiya ba, domin kamun yana faruwa a ƙarƙashin fatarsa. A wasu lokuta ma ya yi naushi ba tare da wata riba da aka gani ba. Gwaje-gwajen tanki kuma dabbobi kaɗan suka ƙunsa. Waɗannan suna taƙaita faɗin hukuncin, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya ba ra'ayin zaman tare wata sabuwar hujja.

Kammalawa

Dabarun farautar oktofus sun cika ma'aunai ukun da aka gindaya: suna bin irin abin farauta, suna sauyawa idan an toshe hanya, suna amfani da abin da aka tuna ko aka gani a wurin wani. Zaman garke hanya ce ɗaya ta samun babbar ƙwaƙwalwa, rayuwar mafarauci marar sulke hanya ce ta biyu. Aikin da ya rage shi ne bin ƙananan Octopus cyanea tun farkon zamansu a murjani, a ga ko da sanin kifin da ya cancanci naushi suke tasowa, ko kuwa kowane ɗayansu koyonsa yake yi cikin 'yan watannin da yake da su.