Raƙumin Dawan Kure da Murhun Yamai: Tarihin Akushi Guda

A Dabus, arewa da Agadas, akwai wani falalen dutse da mutanen da suka shuɗe suka zana raƙuman dawa biyu a kansa, babban ya haura mita biyar. Masana sun ƙiyasta cewa zanen ya kai shekara dubu shida ko fiye. Yau babu abin da ke wurin sai rairayi da duwatsu, amma zanen shaida ne cewa wata rana an yi itatuwan da za su iya ƙosar da dabbar da ta fi kowace tsawo a doron ƙasa. Inda duk aka ga raƙumin dawa, to akwai ganye. Inda ganye ya ƙare, shi ma tafiya ta kama shi.

Wannan magana da kowane makiyayi ya sani, masana kimiyya sun ba ta tsari a ƙarni na 20. A 1927 Charles Elton na ƙasar Ingila ya bayyana sarƙar abinci, wato wane ke cin wane a cikin halittu. A 1942 kuma Raymond Lindeman, wanda ya yi nazarin wani ƙaramin tabki a Amurka, ya nuna yadda makamashi ke bin wannan sarƙa. Tushensa rana ce. Tsiro kan kama ɗan kaɗan daga haskenta ya mai da shi ganye da icce da ƴaƴa. Mai cin ganye ya karɓa daga tsiro, mai cin nama ya karɓa daga mai cin ganye. Sai dai a kowane mataki, kusan kashi ɗaya cikin goma kaɗai ke wucewa gaba; saura na tafiya a numfashi da motsi da zafin jiki da kashi. Shi ya sa ciyawa ta fi barewa yawa, barewa kuma ta fi zaki.

A farkon ƙarni na 20 raƙumin dawan Afirka ta Yamma yana yawo tun daga Senegal har tabkin Cadi. Bindiga da faɗaɗar gonaki suka yi ta rage shi, sannan fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙone abincinsa. Ragowar garken da ke wajejen Ayoru da Tilaberi ya gangaro kudu, ya sami mafaka a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, kuma su ke nan irinsu a duniya baki ɗaya.

Me ya tsai da su a nan? Amsar tana cikin tsarin ƙasar. A bisa tuddan Kure daji ba ya tsirowa a haɗe: layin itatuwa ne, sai fili ƙwal, sai wani layin. A 1956 wani Bafaranshe mai suna Clos-Arceduc ya lura da wannan tsari a hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ya kwatanta shi da zanen fatar damisa. Ruwan da ya sauka a kan filin ba ya shiga ƙasa, sai ya gangara ya taru a gindin layin, inda gara ta huda ƙasa ta kuma narkar da busasshen ganye. Da haka geza da sabara da sarƙaƙiya ke shan ruwan da ya ninka abin da sama ta ba su. Da damina raƙumin dawa yana kiwo a nan. Da rani ya yi, sai ya sauka kwarin Dallol Boso, inda gawo ke jiransa. Gawo icce ne mai saɓa wa ƴan'uwansa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, domin saiwarsa tana kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tudu da kwari su ne akushi biyu da shekarar dabbar ta dogara a kansu.

Zaki ya daɗe da barin wannan yanki. Sai a gandun dajin W ake jin labarinsa. Wanda ya maye gurbinsa a saman sarƙar shi ne birni, kuma birni ba nama yake nema ba, icce yake nema. Yamai ta zama babban birnin Nijar a 1926. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanenta ba su wuce dubu talatin da ƴan kai ba; a ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Mafi yawan tukwanen waɗannan gidaje da icce ake dafa su, kuma tuddan da ke kewaye da birnin su ne suka ɗauki nauyin. Hasken ranar da geza ta tara shekara da shekaru, murhu mai duwatsu uku kan cinye shi a girkin dare guda, alhali mafi yawan zafin a iska yake watsewa. Idan kuma aka sare layin itatuwa, ruwan da yake tarewa sai ya wuce ya yi zaizaya, daji ya kasa maida kansa.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. A shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, don rage cin icce. A 1992 aka kafa dokar da ta buɗe kasuwannin icce na karkara, ta ba ƙauyuka ikon kula da dajinsu da kuma rabo daga harajinsa. Matatar man Damagaram da aka buɗe a 2011 ta sa iskar gas ta shiga gidaje da dama. A gefe guda, an tsananta hana farauta, ƙungiyoyi suka taimaka wa mutanen Kure da rijiyoyi da ƙananan rance, masu yawon buɗe ido suka kawo kuɗi. Garken ya farfaɗo har ya haura 600 a ƙidayar 2017. A 2018 aka ɗauki guda takwas aka kai su gandun Gadabeji a jahar Maraɗi, aka ƙara huɗu a 2022.

Amma nasarar ta zo da nata nauyin. Bakuna sun ƙaru, daji ya ragu, sai raƙumin dawa ya juya ga waken manomi da mangwaron lambunsa. Kuɗin baƙi da ke sanyaya ran manomin ya yanke bayan harin 9 ga Agusta 2020, wanda ya hallaka Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure. Haƙurin talaka kuwa shi ma yana da iyaka, kamar ganyen gawo.

Doka tana iya tare hannun maharbi, amma ba ta iya ƙara ganye a bishiya. Yawan raƙuman dawan da Nijar za ta iya riƙewa ba a ofis za a yanke shi ba. Yawan itatuwan da suka rage a tudu da kwari ne zai yanke shi. Ɗalibin Yamai da ake zana masa sarƙar abinci a allo ba ya bukatar misalin wata ƙasa: motar icce da ke shigowa ta hanyar Doso da safe, da tuwon da zai ci da dare, da doguwar dabbar nan ta Kure, duk daga akushi guda suke ci.