Ƙafar Jaipur: Ƙafar Robar Da Aka Ƙera Wa Mai Tsuguno

Jama'a, a unguwanninmu ba mu rasa wanda aka yanke wa ƙafa daga ƙasan gwiwa, ko sanadin hatsarin babur ko ciwon suga. Wasu sun samu ƙafar roba amma sun jingine ta a ɗaki, sun koma kan sanda. Tarihin wata ƙafa daga Indiya zai nuna mana dalili.

A shekarun 1950 aka ƙirƙiro ƙafar da ake kira SACH a Amurka. Cikinta katako ne, dunduniyarta roba mai laushi, idon sawunta kuma ba ya lanƙwasuwa. Ta dace da mutumin da ke sa takalmi sau-ciki, yana zama kan kujera, yana tafiya a kan kwalta.

Likitan ƙashi P. K. Sethi na asibitin Sawai Man Singh da ke birnin Jaipur ya lura cewa manoman da ake sa wa irin wannan ƙafa suna yar da ita. Mutanen nan a ƙasa suke zama su tanƙwashe ƙafa, suna tsuguno, suna shiga gona cikin laka ba takalmi. Sai ya haɗa kai da wani gwanin aikin hannu, Ram Chandra Sharma, a 1968 suka fito da Ƙafar Jaipur.

Dabarar ita ce, maimakon katako guda, sai suka raba cikin ƙafar: guntun katako a idon sawu, soso na roba a dunduniya da gaba, sannan suka lulluɓe da robar da ake gasawa irin ta taya. Saboda haka tana lanƙwasuwa gaba da gefe, ruwa ba ya lalata ta, ga yatsu kamar na gaske. Ba su yi mata rajistar mallaka ba, kowa na iya kwaikwaya.

A 1975 D. R. Mehta ya kafa ƙungiyar BMVSS, wadda ke sa wa talakawa ƙafar kyauta har yau. Masu kallon fim ɗin Indiya a cikinmu za su tuna Sudha Chandran, 'yar rawar da ta rasa ƙafa bayan hatsarin mota a 1981. Da wannan ƙafar ta koma rawa, har ta fito a Naache Mayuri a 1986.

Mu ma masu zaman tabarma ne, muna tsuguno, muna alwala, muna cire takalmi a bakin ƙofa. Don haka idan za mu raka ɗan'uwa asibitin ƙashi, Igbobi ne a Legas, ko Enugu, ko Dala a Kano, kada tambayarmu ta tsaya kan kuɗi. Mu faɗa wa masu ƙerawa sana'arsa da yadda yake zama, ya gwada tsuguno a gabansu kafin a biya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.